Shawagi Ko Tsalle? Kalmar Da Ta Dace Da Abin Da Ke Tashi A Wata

Wani ɗalibi daga Gwale ya rubuto: "Malam, na ji an ce jirgin sama ya yi shawagi a duniyar wata. Wannan Hausa ce? Kuma karin maganar nan, komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, tana ci a can?"

Ɗana, shawagi aikin shirwa ne. Dubi yadda take yi a saman mayanka da hantsi: fiffike a buɗe, ba ta ko kaɗawa, iska ce ke ɗauke da ita. Jirgin da ke tashi daga filin Malam Aminu Kano ma iskar ce madogararsa. To, wata ba shi da iska. Fiffike da farfela ba su da abin turawa, injin jirgin kuma ba shi da abin shaƙa balle ya ƙona mai. Don haka "jirgin sama" bai zauna ba. Kumbo ake cewa, roka ce kuma ke ɗaga shi.

Ka taɓa lura da 'yan bindiga ranar hawan Daushe? Da an harba, bindigar sai ta doki kafaɗar mai ita. Haka roka take: ta feso hayaƙi mai zafi ƙasa, ita ta yi sama. Dole ta yi guzurin abu biyu, mai da sinadarin da ke ƙona shi. Kumbon Apollo 11 da ya sauka a wata a 1969 ya yi amfani da ruwa iri biyu masu kamawa da wuta da zarar sun haɗu, ba sai da tartsatsi ba, domin a rage abin da zai iya lalacewa.

Tsayawa cak a sama ta hanyar roka cin mai ne kowane daƙiƙa, ga ƙurar wata mai kaifi da hayaƙin ke tayarwa, ta rufe gani, ta karce na'urori. Shi ya sa aka fi son a kunna, a kashe, a sake kunnawa dab da dira. Sunan wannan a Hausa tsalle, kuma ni shi na fi so a rubuta. Kumbon Amurka Surveyor 6 ya yi na kusan mita 2.5 a 1967, Vikram na Indiya kuma ya ɗaga kimanin santimita 40 a 2023. Injin lantarki mai feso ƙwayoyin zarra yana da tattalin mai, sai dai ƙarfinsa bai isa ɗaga kumbo daga doron wata ba.

Karin maganar kuwa tana nufin komai daɗewar abu yana da ƙarshe. "Ƙasa" a cikinta kishiyar sama ce, ba turɓayar duniyarmu ba, saboda haka tana ci a wata. Jan wata kashi ɗaya ne cikin shida na namu: dutsen da ka wurga zai ninka nisansa kusan sau shida, ya dawo a hankali. Wanda ba zai dawo ba shi ne wanda aka cilla da gudun kusan kilomita 2.4 a daƙiƙa ɗaya.