Hadari ya taso, wuta ta tafi: da wace fitila za mu kwana?

Tambaya: Malam, ni uwargida ce a unguwar Garin Malam da ke Damagaram, ina tare da yara huɗu da surukata tsohuwa. Da hadari ya haɗo sai a ɗauke wuta, mu yi ta laluben ashana cikin duhu. Ba mu da ƙarfin sayen janareto. Me ya kamata mu tanada kafin damina ta kankama?

Amsa: Hajiya, Allah ya raya yara, ya ƙara wa tsohuwa lafiya. Kada rashin janareto ya dame ki. Abin da gidanki ke bukata shi ne hasken da hannu zai iske cikin duhu ba tare da nema ba.

Kaso mai yawa na wutar da kamfanin lantarki na NIGELEC ke raba mana a Damagaram daga Najeriya take zuwa, ta layin Katsina zuwa Gazawa. Tafiya ce mai nisa, iska kuma ko a ina ta kayar da turke, mu ne a duhu. Kowa ya tuna yadda aka yanke ta a Agustan 2023, ba ta dawo ba sai Maris 2024.

Ki fara da tocila, ɗaya a kowane ɗakin kwana, a rataye a ƙusa bayan ƙofa, kuma a hana yara wasa da ita. Ta tsohuwa a bakin gadonta, domin faɗuwar tsofaffi a hanyar banɗaki ta fi komai ba ni tsoro, ga kunama da ke fitowa bayan ruwa. Ko da sauran masu caji ne, a samu guda mai batir na saye, da batir sababbi a ajiye a busasshen wuri. Hasken waya kuwa ki bar shi, cajinta na kiran taimako ne.

Kyandir da fitilar ƙwai ina roƙonki ki raba su da ɗakin yara. Gidan sauro da katifar soso ba sa jira, iska na kaɗa labule sai gobara, balle gidan da ake ajiye man fetur a kwalba.

In hali ya samu, ki ƙara da ƙaramin faifan sola da batir. Ga lissafin: batir mai volt 12 da amfiya 7, in an ci rabin cajinsa kawai don ya daɗe, zai riƙe ƙwan LED mai wat 5 kamar awa 8. Wannan ya kai ki asuba. A riƙa goge ƙurar faifan, a ɗaure shi da kyau a kan rufi don kada iska ta tafi da shi. Batir kuma a inuwa, a kan benci, ba a ƙasa inda ruwa ke shiga ba. Zafin Afrilu da Mayu shi ke kashe batir tun kafin damina ta zo.

Da kin ga gabas ta yi baƙi, ki zare telebijin da firji daga soket, domin tsawa da dawowar wuta da ƙarfi su ke ƙona kaya. Firjin da ba a buɗewa yana riƙe sanyi wajen awa 4. In ruwa ya fara shiga ɗaki, a sauke babban makunnin mita da busasshen hannu, da takalmin roba a ƙafa.

In gidanku na ƙasa ne, a duba yaɓe da indararo tun yanzu. A Satumban 2024 ruwa ya rushe tsohon masallacin unguwar Birni a nan Damagaram, ginin da ya haura shekara ɗari. Cikin dare in ana ruwa, ki haska bango da azara. In kin ga tsagewa ko ƙasa na zubowa, a fitar da yara da tsohuwa nan take. Wayar lantarki da ta faɗo a titi kada kowa ya kusance ta ko ruwan da ta kwanta a ciki, a sanar da NIGELEC. Lambar ƴan kwana-kwana 18 ce, a koya wa babban yaronki ita.