Tsohuwar takardar fam: yadda ake auna lafiyarta

Malam, ka ce ka tsinci takardar fam ɗaya ta kafin zuwan naira a 1973 cikin akwatin mahaifinka, kana tambaya ko ka goge ta da dutsen guga kafin ka kai wa masu saye. Don Allah kar ka yi. Guga da wanki suna kashe ƙarfin takarda, kuma masu dubawa suna gane su nan take.

Kamfanin PMG na Amurka, mai tantance lafiyar takardun kuɗi, yana ba su maki daga 1 zuwa 70. Wadda ba ta taɓa shiga hannun jama'a ba tana tsakanin 60 da 70. Ninki ɗaya tak a tsakiya kan sauko da ita zuwa 50 da wani abu, ko da kalarta na sheƙi.

Ka karkata takardar gefen haske, ninkin da ido bai gani ba zai fito kamar siririn zare. Duba kusurwoyi huɗun, masu kaifi ne ko sun lanƙwashe? Duba hudar allura, tsatsa, rubutun biro, da ko zanen ya zauna daidai tsakiya. Ni tsatsa ta fi damuna, domin tana ci gaba da cin takarda. Ka sa ta a ledar adana kuɗi marar PVC (wani nau'in roba), nesa da laima.