Shin Najeriya ta taɓa yanke hulɗa da Birtaniya saboda Umaru Dikko?

Tambaya: Malam, gardama ce ta kaure a majalisarmu. Wasu sun ce Najeriya ta yanke hulɗar jakadanci da Birtaniya a lokacin rikicin Umaru Dikko, wasu sun ce ba a yi ba. Ina gaskiyar take? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Waɗanda suka ce ba a yi ba su ne da gaskiya. Tun daga 1960 har yau ba a taɓa rufe ofishin jakadancin Najeriya a Landan ko na Birtaniya a nan ba. An dai rage darajar hulɗar, an bar ofisoshin biyu a hannun muƙaddasai kusan shekara biyu.

Ga yadda aka yi. Ranar 5 ga Yulin 1984 aka sace Alhaji Umaru Dikko, ministan sufuri a gwamnatin Shagari, a ƙofar gidansa da ke Landan. Gwamnatin Janar Buhari tana nemansa bisa zargin almundahana. Aka yi masa allurar barci, aka sa shi cikin wani ƙaton akwati tare da wani likita Ba'isra'ile mai lura da numfashinsa, aka kai filin jirgin sama na Stansted inda jirgin Nigeria Airways ke jira. An so a wuce da akwatin ne a matsayin jakar diflomasiyya, wato kayan da ake aikawa da sunan ofishin jakadanci. Yarjejeniyar Viyana ta 1961 ta hana buɗe irin wannan jaka, amma da sharaɗin a ga alamarta a jikin kayan. Wannan akwati ba shi da ita, sai 'yan kwastam suka buɗe. Kada kuma a manta, wata uku kafin nan an yi harbi daga cikin ofishin jakadancin Libiya a Landan, aka kashe wata 'yar sandar Birtaniya, saboda haka Turawan a farke suke da duk wani kaya mai sunan jakadanci.

Birtaniya ta kori jami'an ofishinmu biyu, ta kuma nuna ba ta son jakadanmu, Manjo Janar Haladu Hananiya, ya koma bakin aikinsa. Najeriya, wadda ta musanta hannu a lamarin, ta rama daidai wa daida: ta kori Turawa biyu, ta ce a janye jakadansu Hamilton Whyte. Sai a 1986, zamanin Babangida, aka sake musayar jakadu.

Ba shi ne karon farko ba ma. Ranar da aka kashe Janar Murtala, 13 ga Fabrairun 1976, Laftanar Kanar Dimka, jagoran yunƙurin juyin mulkin, ya je ofishin jakadancin Birtaniya a Legas yana neman a sada shi da Gowon, wanda ke karatu a Ingila. Jakada Martin Le Quesne bai biya masa buƙata ba, amma duk da haka gwamnatin Obasanjo ta ce a ɗauke jakadan.

In kuna son ganin yanke hulɗa na gaske, ku dubi Faransa. A Janairun 1961 gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta bai wa jakadanta awa 48 ya fice saboda gwajin bam ɗin nukiliya a Sahara, ta kuma hana jiragen sama da na ruwan Faransa shigowa. An yi shekaru kafin a shirya.

Me ya hana a yi wa Birtaniya haka? A ganina, abin da ke tsakani ya yi yawa: ciniki, ɗalibai, basussuka, da dubban 'yan Najeriya mazauna can masu buƙatar fasfo da takardu kullum. Korar jakada tana huce fushi ba tare da an taɓa waɗannan ba. Ko a 1995, bayan rataye Ken Saro-Wiwa, marubuci mai fafutukar 'yancin Ogoni, dakatar da Najeriya aka yi daga ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila, Birtaniya ta kira jakadanta gida na ɗan lokaci, ofisoshi kuwa suka ci gaba da aiki.