Farantin ado mai launin ƙasa: amsoshin tambayoyinku

Da watan Agusta ya kama, saƙonni kan kayan tunawa da na kyauta sukan yawaita, domin ranar 27 ga wata ce aka ƙirƙiro jihar Kebbi a 1991, ga kuma 1 ga Oktoba na tafe. Wannan karon na ware waɗanda suka shafi farantin ado, irin wanda ake zana wa launin ƙasa a kwamfuta sannan a buga a jikin tangaram.

Daga wata malamar firamare a Argungu: "Muna so mu ba yaran da suka yi fice a gasar karatu kyautar faranti mai launin tutar Najeriya ranar 1 ga Oktoba, guda 20. Hedimasta ya ɗora mini zanen. Waya ce da ni, sai tsohuwar kwamfutar ofis. An ce sai na sayi Photoshop. In saya?"

Malama, kada ki saya. Photoshop, manhajar zane da gyaran hoto, yanzu haya ake biya duk wata ko duk shekara, ba a mallakarsa da biya ɗaya, kuma faranti 20 bai kai a ɗauki wannan nauyin ba. Wanda ake kwafa wa mutane a shago da sunan kyauta kuwa sau da yawa da cuta yake zuwa, ya lalata kwamfutar makaranta a banza. Akwai manhajojin Inkscape da GIMP, dukansu kyauta ne halak malak, kuma tsohuwar kwamfuta tana ɗaukarsu. Don aikinki Inkscape zan zaɓa miki, saboda zanensa na layi ne: ki faɗaɗa shi ko ki rage, bakin da'ira ba ya dishewa, harafi ba ya fashewa. GIMP na gyaran hoto ne, yana aiki da ɗigo-ɗigo, amfaninsa ya fi fitowa idan za a saka hoton mutum ko na wuri. A waya Canva da PixelLab suna iya fitar da ke, sai dai daidaita awo da yatsa a ƙaramin allo yana da wuya.

Amma kafin ki buɗe kowace manhaja, ki ɗauki rula ki tafi wurin mai bugawa. Wannan ita ce babbar shawarata gare ki da duk wanda ya rubuto kan wannan batu. Ki ce ya nuna miki ainihin farantin da zai buga a kai, ki auna shimfiɗaɗɗen tsakiyarsa da hannunki. Yawancin injinan gasa zane a faranti da ke shagunanmu tsakiyar faranti kawai suke iya gasawa, ba sa kaiwa ga baki. Faranti mai faɗin santimita 20, wurin bugunsa bai cika wuce santimita 12 ko 13 ba. Mai santimita 25 kuma wajen 15. Wanda ya zana ado har bakin faranti bai tambaya ba, ya yi aikin telan da ya yanka shadda bai auna mai riga ba. Ki tambaye shi kuma wane irin fayil yake karɓa. Masu buga takardunmu da manhajar CorelDRAW suka saba, kuma tana buɗe fayil ɗin PDF ba tare da gardama ba.

Idan kin dawo da awo, ki zana da'ira daidai da shi, sannan ki sa wata a ciki da tazarar kamar milimita 4. Duk rubutu ya tsaya cikin ta biyun, domin takardar zanen da ake ɗora wa farantin takan ɗan goce wajen gashi.

Batun launi kuma, tutarmu da Taiwo Akinkunmi ya zana a 1959 gida uku ce a tsaye, masu faɗi ɗaya: kore, fari, kore. Idan aka cusa ta haka cikin da'ira, farin tsakiya yakan cinye wurin, korayen gefe su zama kamar an gutsure su. Abin da ya fi kyau a ido shi ne zobba: koren zobe mai kauri a waje, farin fili, sai siririn koren zobe a ciki. A kan farin filin ki jera ɗigo 36 na jihohi. Lissafinsa ba wuya, da'ira digiri 360 ce, don haka ki zana ɗigo ɗaya a sama, ki riƙa kwafa kina juya shi digiri 10 daga tsakiyar da'irar har ya zagayo. A tsakiya ki sa taswirar Najeriya da layin kogunan Kwara da Binuwai zuwa inda suka haɗu a Lakwaja. Ina son wannan zanen ga yaranmu musamman, domin ta Kebbi Kwara yake shigowa ƙasar nan, ya bi ta Yawuri ya gangara. Yaro zai iya ɗora yatsa a kan farantinsa ya nuna wa mahaifiyarsa gida.

Ga ku kuma da abin alfahari a ƙofa. Bikin kamun kifi na Argungu ya samo asali ne daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, kuma hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Ƙaramin zanen homa da gora a ƙarƙashin taswirar ya isa ya nuna daga bakin kogin Matan Fada farantin ya fito. Kada ki wuce haka. Sunan makaranta a sama, kwanan wata a ƙasa, shi ke nan. Faranti daga nesa ake kallonsa, a bango ko cikin kabad, tarkace da ƙananan rubutu ɓacewa suke yi.

Daga wani matashi mai shagon buga takardu a Birnin Kebbi: "Na tara ɗan jari. Ina tunanin sayen injin gasa zane a faranti da kofi, in riƙa yin masu tambarin Najeriya ina sayarwa. Wanne zan saya?"

Ƙanena, Allah ya sa albarka a jarin. Amma injin shi kaɗai ba ya aiki, kaya huɗu ne suke tafiya tare: injin gashi, firinta ta musamman, tawada da takardar sabilimeshan, da farantan da aka shafa wa wani siririn rufi na roba tun daga masana'anta. Farantin kasuwa na cin abinci ba ya karɓar wannan tawadar, ko ka kwana kana gasa shi. Yadda abin yake, zafin da ya kai digiri 180 zuwa 200 ne yake mayar da tawadar tururi, ta shige cikin rufin nan, ta daskare a ciki idan ya huce. In babu rufin, babu inda za ta kama.

Firintar kuwa ta Epson ake amfani da ita, domin kanta ba da zafi yake fesa tawada ba. Irin su HP da Canon na gida da zafi suke fesawa, ba su dace ba. Ka sayi sabuwa ka keɓe ta ga wannan aikin kaɗai, kada ka zuba sabuwar tawada a kan ragowar tsohuwa. Ka kuma sani cewa idan ta daɗe a ajiye, musamman da zafin bazara da ƙurar hunturu irin namu, kan da take fesa tawada da shi yakan toshe. Ko babu aiki, ka riƙa buga ɗan shafi kowane mako.

Injin da ake haɗawa da kawuna da yawa, na riga da kofi da hula da faranti, shi ya fi dacewa da mai farawa, domin kofi da riga ne za su riƙe shagon a watannin da babu biki. Faranti kasuwarsa ta lokaci ce: Oktoba, yaye ɗalibai, naɗin sarauta, ritayar ma'aikaci. Kafin ka biya, ka sa a kunna shi a gabanka a gasa faranti ɗaya, gani ya kori ji. Ka duba ko zafin ya kai ko'ina daidai, ka tambayi ko ana samun kan faranti daban idan ya ƙone, ka karanta adadin wutar da yake ja ka gwada da ƙarfin janaretonka. Wuta ta ɗauke ana tsakiyar gashi, farantin ya tafi. In da ni ne, zan fara da karɓar aiki ina zanawa, ina kai wa mai inji ya buga, har in ga masu saye sun tabbata.

Sai batun tambari, kuma a nan ina so ka saurare ni da kyau. Akwai dokar tuta da tambarin ƙasa, wadda ta hana amfani da su wajen kasuwanci ba tare da izinin hukuma ba. Baƙar garkuwar nan da fararen dawakai biyu da jar mikiya alamar ikon gwamnati ce, ba ado ba ne na kowa da kowa. Idan ma'aikata ce ta ba ka kwangila a rubuce, wannan daban. Na sayarwa a shago kuwa, ka tsaya ga launin kore da fari, taswira, dagi, zangarniyar shinkafa, ɗigo 21 na ƙananan hukumominmu, ko sunayen masarautu huɗu: Gwandu, Argungu, Yawuri da Zuru. Waɗannan ma sun fi jan hankalin mai saye a nan.

Daga wani ɗalibi a Aliero: "Ni ba bugawa zan yi ba. Hoton faranti kawai nake so in zana in sa a Facebook ranar 'yancin kai. Na bi wani darasi a intanet, amma nawa ya fito kamar faifan kwali."

Ɗan'uwa, haske ne ya ɓace maka. A nan GIMP ko Photopea ne abokin aikinka, na biyun ma a burauza yake buɗewa ba sai ka sauke ba. Ka buɗe fili mai ɗigo 1080 tsawo da faɗi. Kowane abu ka ba shi shimfiɗarsa daban: babbar da'ira ta baki, ƙaramar da'ira ta ciki, ado, sannan inuwa. Ka yanke shawara daga ina haske yake zuwa, a ce daga sama ta hagu, kada ka sake canzawa. Bakin farantin ya yi haske ta hagu ya ɗan dushe ta dama. Kwarin ciki kuma akasin haka, domin gangara ce: gefen hagu ne yake cikin inuwa, na dama yake karɓar haske. Wannan juyin shi ke sa ido ya ga zurfi. Daga ƙarshe ka sa inuwa mai laushi a ƙasa ta dama, ka rage ƙarfinta sosai. Wasu darussan nan na Amurka ne, da taurari da ja da shuɗi. Ka ɗauki dabarar ka bar musu adonsu. Wanda zai buga a ainihin faranti kuma ya cire duk wannan haske da inuwa, tangaram yana da nasa ƙyallin.

Daga wani sakataren ƙungiya a Jega: "Mun ba da aikin faranti 50. Koren ya fito kamar ruwan gansakuka, rubutun ya dishe, 'ƙasa' ta koma 'asa' da ɗan akwati a gabanta. Laifin wa?"

Malam, kashi uku ne, kuma duka ana iya kauce musu. Dishewar rubutu yawanci daga WhatsApp take, domin yana matse hoto idan an tura shi a matsayin hoto. A tura shi a matsayin fayil, ko a kai a filashi. Zanen bugu yana son ɗigo 300 a kowane inci, wato da'irar santimita 15 tana bukatar ɗigo kusan 1,770 a faɗi. Akwatin da ya maye gurbin ƙ kuma, samfurin haruffan da aka zaɓa ne ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, ko kwamfutar mai bugawa ba ta da shi. Noto Sans da Charis SIL da Andika suna da haruffanmu cikakku, kuma kyauta ne. Bayan an gama rubutu a mayar da shi zanen layi kafin a tura, ta yadda babu kwamfutar da za ta taɓa shi. Koren da masu zane suka fi ɗauka a matsayin na tuta shi ne mai lambar launi 008751 a manhajar zane, amma abin da allo ya nuna da abin da wuta ta gasa ba sa zama ɗaya. Maganinsa faranti ɗaya na gwaji, ku gan shi da rana a waje, ku amince, sannan a buga sauran. Ku biya kuɗin gwajin da daɗin rai. Tunda ba a yi wannan sharaɗin ba tun farko, ku zauna da mai bugawa ku raba asarar, a sake waɗanda rubutunsu ya lalace.

Daga wata uwa a Yawuri: "'Yata ta samo irin farantin nan a makaranta. Ana iya cin abinci a ciki? Kuma ina so a yi mini wasu na jere, da aya a jiki maimakon hoton dabba."

Hajiya, a bar shi a matsayin ado. Cokali da wuƙa suna karce rufin, miya mai zafi da soson ƙarfe suna cin launin, kuma ba kowane ne aka yi don abinci ba. Ki sa masa ƙafar tsayawa a cikin kabad, nesa da taga, domin rana tana koɗar da wannan tawadar. Ƙyalle mai laushi ya isa share shi.

Sha'awarki ta jere kuwa gadon gida ce. Iyayenmu sun jera tasoshi da kwanuka a bangon ɗaki, magina kuma sun manna faranti a tsakiyar rufin soro tun kafin a san kwamfuta. Gudun hoton mai rai ba zai rage miki komai ba, dagi da zanen bakin ƙwarya da irin adon zaure suna zama daram a cikin da'ira. Aya dai ina roƙon ki bar ta. Faranti yana faɗuwa ya fashe, yaro yana ɗauka ya zuba ƙuli-ƙuli, gutsuren kuma a shara yake ƙarewa. Addu'a da Hausa, kamar "Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya", ta wadatar, da boko ko da ajami. Idan da ajami ne, ki sa wanda ya iya karantawa ya duba farantin gwaji. A juye ake buga zane a takarda don ya fito daidai bayan gashi, kuma mai injin da bai saba da ajami ba zai iya juya shi ta inda bai kamata ba, bai kuma lura ba. Wajen zaɓen farantin, ki shafa tsakiyarsa da yatsa: wanda kika ji ƙuraje ko tudu a jikinsa ki ajiye, domin nan ne launi zai bar farin tabo. Araha ba ta ado, ki ƙara ɗan abin da za ki ƙara ki ɗauki mai santsi.