Tambaya da Amsa: Hutun Keke a Mayorka, Ni da Maiɗakina

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne a Kaduna, shekaruna 46. Shekara uku ke nan ina hawa keke duk Asabar, nakan yi kilomita 40 zuwa 50. Na daɗe ina ganin hotunan masu keke a tsibirin Mayorka na ƙasar Sifen, ina so mu je hutun mako guda ni da maiɗakina. Ta iya keke amma ba ta saba da doguwar tafiya ba, ta fi son ganin garuruwa da tarihi. Za mu iya haɗa biyun? Wane lokaci ya fi, kuma ina ya kamata mu sauka?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Za ku iya. Sai dai ka yi hattara da hotunan nan, domin kusan dukkansu a gefe guda na tsibirin aka ɗauke su, wato tsaunukan Tramuntana da suka miƙe kusan kilomita 90 a gaɓar arewa maso yamma. Tsakiyar tsibirin, wadda mutanen wurin ke kira Es Pla, gonaki ne da ƙananan tuddai, ƙauyuka kusa da juna, da siraran hanyoyin kwalta waɗanda mota ba ta cika bi ba. Idan ka tsara hutun bisa abin da ka gani a hoto, kai za ka sha wuya, Hajiya kuma za ta yi mako guda a ɗakin otal tana jiran dawowarka. (A taswira Mallorca za ka ga an rubuta, amma Mayorka ake furtawa.)

Ku sauka a arewa, ko Alcúdia ko Port de Pollença. Daga nan dutse yana gefe guda, fili yana ɗaya gefen, kowace safiya zaɓi na hannunku. Babban birnin, Palma, wurin ziyarar yini ne. Fita daga cikinsa da keke kullum gajiya ce da ba ta da lada.

Maganar lokaci kuwa, Afrilu zuwa farkon Yuni, ko ƙarshen Satumba zuwa Oktoba. Kada ka ce ai kai ɗan Kaduna ne, rana ba baƙuwarka ba ce. Zafin Yuli da Agusta yakan wuce maki 30, ga gumin bakin teku, ga cunkoson motocin haya, ga tsadar masauki. Fabrairu da Maris akwai sanyi da ruwa a kan duwatsu, kuma a 'yan shekarun nan cikinsu azumi ke faɗowa. A ƙarshen Afrilu ake yin babban gangamin keke mai suna Mallorca 312, wanda ke tashi daga Platja de Muro, maƙwabciyar Alcúdia. Dubban mahaya ke zuwa, ana rufe hanyoyi, otal-otal su cika. In ba kallo kake so ba, ka kauce wa wannan makon.

Kada ka ɗauko kekenka daga gida. Shagunan haya sun cika Alcúdia da Port de Pollença, kuma kuɗin ɗora keke a jirgi da fargabar a lanƙwasa maka shi a hanya sun fi kuɗin haya ciwo. Ka aika musu da tsayinka tun kana gida, ka ce kana son keke mai giya mai sauƙi ta hawan dutse. In ba ka saba da takalmin da ke maƙalewa a feda ba, ka ce a sa maka feda ta gargajiya. Kan dutse ba wurin koyo ba ne. Hajiya kuwa a karɓa mata keke mai batir, kuma ba abin kunya ba ne, Turawa da yawa shi suke hawa. Da shi za ta iya bin ka har kan tudu tana yi maka hira kana haki. Ta sa wando a ƙarƙashin riga mai tsayin gwiwa, domin doguwar abaya da sarƙar keke ba sa shiri, hular kwano kuma tana zama daidai a kan ƙaramin hijabi.

Ranar farko ku yi ta tare a fili. Hanyar bakin ruwa tsakanin Alcúdia da Port de Pollença ba ta wuce kilomita goma ba, kuma akwai layin masu keke. Daga nan ku shiga tsohon garin Pollença, ku jingine kekuna, ku hau matakala 365 na Calvari ku ga gari da teku daga sama. Alcúdia kanta tana da ganuwa ta ƙarni na 14 da ake hawa a zaga, a gefenta kuma ga kangon Pollentia, birnin da Rumawa suka kafa bayan sun ci tsibirin a shekara ta 123 kafin haihuwar Annabi Isa. Kasuwarta tana ci Talata da Lahadi.

Jarrabawarka ita ce Formentor, wani tsinin ƙasa mai duwatsu da ya kutsa cikin teku a arewacin tsibirin. Daga Port de Pollença zuwa hasumiyar fitilar jiragen ruwa da ke ƙarshen tsibirin, zuwa da dawowa, kusan kilomita 40 ne. Daidai tafiyarka ta Asabar ke nan, amma a nan hawa da gangara ne tun daga farko har ƙarshe. Ka tashi da an idar da Asuba, kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su fito. Ka riƙe fitila gaba da baya, akwai rami mai duhu da hanyar ta ratsa ta cikin dutse. Awakin daji kuma suna tsallaka titi ba sallama. Hajiya za ta iya raka ka zuwa wurin hange na Es Colomer, a ƙarshen hawan farko, ta juyo daga nan in ta so.

In ka dawo daga Formentor da sauran ƙarfi a ƙafa, to sai mu yi maganar Sa Calobra, wadda na tabbata ita ce hoton da ya fi ɗaukar hankalinka. Hanya ce da injiniya Antonio Parietti ya tsara, aka gama ta a 1932. Tsawonta kusan kilomita tara da rabi, tana da kwana 26 masu kaifi, daga bakin teku ta kai ka tsayin mita 682. A kusa da ƙoli akwai inda ta murɗe ta bi ta ƙarƙashin kanta, suna kiran wurin ƙullin taye, irin na masu sa kwat. Abin da hoto ba ya faɗa shi ne hanyar a teku take ƙarewa. Gangara ake fara yi, kuma duk mitar da ka sauka bashi ce da za ka biya. Zuwana na farko na gangara ina murna, ina matse birki har yatsuna suka sandare, wata doguwar bas a gabana tana cinye kwana gaba ɗaya. Na isa ƙasa na sha shayi, na ɗaga kai na ga inda na fito, sai jikina ya yi sanyi. Fiye da awa guda na yi ina hawa, na tsaya sau biyu, gorar ruwana ta ƙare tun da sauran kwanoni. Ƙwararru cikin ƙasa da rabin awa suke gama ta.

Ga kuma lissafin da mutane ke mantawa: daga Port de Pollença zuwa Sa Calobra da dawowa ya kai kilomita 100, da hawan da ya haura mita 2,000. Ninki biyu ne na abin da ka saba, a kan dutse. Shawarata, a kai ka da mota har Lluc, da ke cikin tsaunukan a kan hanyar zuwa Sa Calobra, ka fara daga nan, ko ku shiga jirgin ruwan da ke tasowa daga Port de Sóller, ka hau dutsen sau ɗaya, Hajiya ta tsaya kallon kwazazzabon Torrent de Pareis ta koma a jirgin. In kuma ka bar Sa Calobra gaba ɗaya, ba abin da ka rasa na hutu.

Yanzu rabon Hajiya. Musulmi sun mulki tsibirin nan daga wajen shekarar 902 har zuwa 1229, lokacin da Sarki Jaume na Farko na Aragon ya ci birnin, wanda a da ake kira Madina Mayurƙa. Kada ta sa ran ganin irin Alhambra, shahararriyar fadar sarakunan Musulmi da ke kudancin Sifen. A Palma akwai fadar Almudaina, wadda asalinta ƙasaitaccen gidan sarautar Musulmi ne, da babbar majami'ar La Seu da aka gina inda babban masallaci yake a da, sai ɗan gidan wanka na Larabawa a cikin lungu, wanda minti goma ya ishe ku gani. Sawun da ya fi zurfi yana cikin sunaye da ruwa. Alcúdia daga al-kudya take, wato tudu. Fadamar S'Albufera da ke kusa da masaukinku daga al-buhaira, ƙaramin tafki. Garuruwa irin su Binissalem da Biniaraix, wannan "bini" ɗin shi ne bani, 'ya'yan wane. A lambun Alfàbia, kusa da bakin ramin hanyar Sóller, akwai rufin katako mai rubutun Larabci a zauren shiga. Gonakin da aka sassaƙa hawa-hawa a jikin dutse a Banyalbufar, da magudanan da ke shayar da su, suna cikin abin da ya sa UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta saka Tramuntana cikin wuraren tarihi na duniya a 2011. Ranar da za ku je Palma da Sóller ku bar kekuna, ku hau tsohon jirgin ƙasa na katako da ke zirga-zirga tsakanin Palma da Sóller tun 1912, tafiyar kusan awa guda ta cikin ramuka da gonakin lemo da zaitun.

Takardu a taƙaice: bizar Shengen ta ƙasar Sifen, kuɗinta Yuro 90 ga babba, da inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000. Ana iya nema tun saura wata shida, ka yi da wuri. Ka karanta inshorar ka tabbatar ta haɗa da haɗarin keke. A jirgi za ka iya bi ta Madrid ko Basalona, daga Basalona ƙasa da awa guda ne zuwa Palma. A titi hannun dama ake bi kamar gida. Hular kwano dole ce a wajen gari, sa abin sauraro a kunne kana tuƙi laifi ne mai tara, kuma doka ta wajabta wa direba ya bar maka mita ɗaya da rabi in zai wuce ka.

Salla ba matsala, kuna da rangwamen matafiyi, kuma akwai ƙananan masallatai a Palma da Inca da Sa Pobla, inda 'yan Maroko ke da yawa. Sa Pobla tafiyar fili ce daga Alcúdia, ta dace da hawan ranar Juma'a.

Abinci ne ke son ido. Kifi, wainar ƙwai da dankali, tumbet (dankali da gauta da tattasai a miyar tumatir), da pa amb oli, wato burodi da tumatir da man zaitun, duk lafiya lau, in ka ce kada a ɗora maka nama a kai. Sobrassada, jan abin nan da ake shafawa a burodi, naman alade ne. Wanda ya fi kama baƙi shi ne ensaïmada, burodi mai zaƙi a naɗe kamar gammo, da garin sukari a kai, wanda ke kan kowane teburin karin kumallo. Sunansa ma daga saïm yake, kitsen alade, kuma da shi ake kwaɓa shi. Kafin ka sayi kowane kayan fulawa ka tambaya ko akwai manteca de cerdo, wato kitsen alade da Sifaniyanci, a ciki. A filin jirgin Palma za ka ga matafiya rungume da manyan kwalayensa a matsayin tsaraba. Ku wuce su, ku sayi man zaitun na Sóller da gishirin Es Trenc.