Amsa ga mai tambaya kan bishiyar da ta fi ƙarfin lambunsa

Ɗan'uwa, ka ce mangwaron da ke cikin ɗan lambunka ya kere rufin ɗaki, inuwarsa ta hana sauran shuke-shuke sakat, kana tambaya ko ka sa a guntule masa kai gaba ɗaya. Shawarata ita ce kada ka yi, domin ni na taɓa yin haka, kuma na ga abin da ya biyo baya.

Shekarun baya na sa an sare kan wata bishiyata da adda, aka bar kututture da guntayen rassa. Damina ɗaya tak, sai ga toho ya fito cunkus a bakin kowane sara, siraran rassa miƙaƙƙu suna rige-rigen hawa sama, kafin shekara 3 ta kusa komawa tsayinta na da, ta ma fi duhu. Abin da ya fi damuna shi ne, waɗannan sababbin rassa ba su da tushe a cikin itacen, a gefen ɓawo kawai suke maƙale, da iska mai ƙarfi ta taso sai su ɓalle. Wurin saran kuwa ya riƙe ruwa ya ruɓe, har gara ta samu ƙofa.

Yanzu ragi nake yi kaɗan-kaɗan duk shekara, kuma ba na cire fiye da kashi 25 cikin 100 na ganyen a shekara guda. Idan reshe ya yi tsawo, nakan bi shi ƙasa har inda wani reshe ya fito a gefensa, wanda kaurinsa ya kai aƙalla kashi ɗaya cikin uku na wanda zan cire, in datse a nan, sai ƙarfin bishiyar ya koma cikin na gefen. Reshe mai nauyi kuwa yanka uku yake so, da zarto mai kaifi: a fara tsaga shi kaɗan ta ƙasa, a yanke ta sama gaba da wannan tsagar don kada ya ɗaye ɓawon idan ya faɗi, sannan a cire guntun da ya rage dab da ɗan kumburin da ke gindin reshen, ba tare da an taɓa kumburin ba, domin daga nan ne raunin yake rufewa. Ba sai an shafa fenti ba.

Tunda mangwaro a ƙarshen rassa yake fure, ka bari sai ka gama tsinke 'ya'yansa kafin ka yi ragin.

Batun saiwa kuma, yawancinta tana cikin santimita 60 na saman ƙasa, kuma takan wuce iyakar inuwa nesa. Kada ka sare manyan saiwoyi kusa da gindi, bishiyar na iya kifewa. Idan har saiwar ta fara tsaga katanga, gara ka cire bishiyar ka dasa mangwaro ɗan aure, ka datse kansa tun yana kamar mita 1, ya saba da yin rassa ta gefe.