Shi Ke Shan Ƙwaya, Ni Kuma Aka Ce In Je In Ba Da Labarina

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekararmu 7 da aure, 'ya'yanmu uku, muna Tudun Wada a nan Kaduna. Maigidana tiramadol yake sha da kodin. Ba na barci, da na ji ƙarar mashin ɗinsa sai gabana ya faɗi. Mahaifiyarsa ta ce da na iya riƙe miji da bai lalace ba. Na je asibiti, aka ce in riƙa zuwa ina ba da labarina. Shi ke sha, ni za a yi wa magani? Ko dai ni ce matsalar?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya kawo miki sauƙi. Ba ke ce matsalar ba. Amma rashin barcin nan da faɗuwar gaba ciwo ne a jikinki, kuma yana buƙatar kulawa ko ya daina sha ko bai daina ba.

Wannan jinya ta hanyar labari, Michael White ɗan Ostareliya da David Epston na Niyuzilan ne suka shimfiɗa ta a shekarun 1980. Tushenta shi ne mutum daban, matsala daban. Za a ce ki raɗa wa abin da ya shigo gidanki suna. Wata baiwar Allah da na zauna da ita ta kira nata Baƙon Dare. Sai muka bi sawunsa: ya kwashe mata barci, ya hana ta zuwa biki da suna don kunya, ya sa tana yi wa yara tsawa ba dalili. Da na tambaye ta ranar da bai ci galaba a kanta ba, ta ce babu. Can sai ta tuna ta taɓa ɗinke kuɗin makarantar yara cikin matashin kai har wata uku, ta kai da hannunta. Ita a wajenta ha'inci ta yi wa miji. Sai da muka yi zama huɗu kafin ta iya cewa da bakinta 'ya'yanta ta tsare.

Yanzu ga maganar surukarki, wadda kusan kullum sai na ji irinta, kuma tana ɓata min rai. "Da kin iya girki." "Da kina kwalliya." "Ƙara haƙuri." "Asiri aka yi masa." Tiramadol da kodin dangi ɗaya ne, suna kama ƙwaƙwalwa har jiki ya saba. Ranar da bai samu ba, sai gumi, ciwon gaɓoɓi, gudawa, hamma da rashin barci. Wane tuwo ne zai kwance wannan? Wane turaren wuta? Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwaya a Nijeriya. Duk matansu ne suka gaza? Da yawa cikin mazan da nake gani tun suna samari suke sha. Iyaye sun sani, suka ce a yi masa aure zai natsu, aka ɓoye wa dangin yarinya. Bayan shekara biyu kuma a juya a ɗora mata laifin abin da ta tarar. Wannan zalunci ne, kuma iyayen da ke yin haka su ji tsoron Allah.

Illar wannan magana ba a zuciya kaɗai take tsayawa ba. Matar da ta yarda ita ce maganin mijinta, ita masu maganin bogi ke farauta. Ta sayar da ɗan kunnenta, ta karɓo garin da ba wanda ya san abin da ke ciki, ta riƙa barbaɗa masa a miya a ɓoye. In bai yi aiki ba, a ce ita ce ba ta bi ƙa'ida ba. Daga nan sai a fara zancen gidan mari. Mun ga abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa a watan Satumba na 2019, ɗaruruwan maza da yara, wasu da sarƙa a ƙafa. Addu'a ki yi ta, ba mai hana ki, amma sarƙa ba ta fitar da ƙwaya daga jini.

Maganinsa yana asibiti. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa yana kula da masu shaye-shaye. Ki nemi wani babba da yake jin nauyinsa, yayansa ko kawunsa, ya raka shi. Tiramadol mai yawa na kawo farfaɗiya, don haka in ya faɗi yana jijjiga, ko numfashinsa ya yi ƙasa kin kasa tashinsa, a garzaya asibiti nan take. In kuwa ya fara ɗaga miki hannu, ki kwashi yara ki tafi gida, a yi maganar daga can.

Ki koma wancan zaman ba da labari da aka ce ki riƙa zuwa a asibiti. In akwai ƙanwa ko aminiyar da ta san wahalar da kika sha, ki tambaya ko za a bari ta rako ki wata rana. Akwai abubuwan da kika yi a shekara 7 ɗin nan da kin manta, ita kuwa tana tune da su.